Ranar da Aka Ƙi Shan Giyar Fintan Mulhall

Ƙarfe biyu da kwata na wata ranar Asabar, a mashayar Garrigan da ke bayan dandalin Smithfield, Nessa ta ga kakanta ya miƙa hannu ya ɗauki tambulan ɗin da ba a gama cikawa ba.

Duk wanda aka yanke wa cibiya a Dublin ya san sau biyu ake zuba baƙar giya. Mai kanta, wato mai zuba giyar, zai karkata tambulan ya cika shi har kusa da wuya, ya ajiye, ya juya ya kama wata hidimar. Giyar ta yi ta murɗawa tana sauka, launin ƙasa yana rikiɗewa zuwa baƙi ƙirin, kumfa tana taruwa a sama. Sai ta natsu tukuna a dawo a ƙarasa ta. Kafin nan ba a taɓawa. 'Yan yawon buɗe ido ne kaɗai ke wawura, su ma a bayan idonsu dariya ake yi musu.

Kakan nata kuwa, Fintan Mulhall, ba baƙo ba ne. Shi ne mutumin da ya taɓa ɗaukar hularsa ya fice daga wata mashaya don kawai an cika masa tambulan a zubi ɗaya. Amma ga shi yau ya ɗaga rabin aiki ya kai baki, ya kurɓa har sau biyu.

Dinny mai kantar ya tsaya ƙiƙam da tsumma a hannu. Christy Roche, tsohon mai raba wasiƙu, abokin Fintan tun suna yawo da gajeren wando, ya doki kantar ya fashe da dariya.

"Jama'a ku zo ku ga ikon Allah! Mulhall ya koma Ba'amurke! Saura ka ce a ɗauke ka hoto, tsoho."

Fintan bai yi dariya ba. Ya dubi tambulan, ya dubi Dinny, sannan ya juyo ya dubi Nessa. Wannan kallon ne ya tsinka mata zuciya. Irin kallon da mutum yake yi wa baƙuwar da ta zauna kusa da shi a bas ne, babu ƙi, babu sani. Ta ƙirga numfashinta har biyar yana kallonta haka. Sai ta ga ya dawo cikin idonsa, kamar an kunna fitila a ɗakin da ke can ciki.

"Gwada ka nake yi, Dinny," ya ce, yana share leɓe da bayan hannu. "Kana tsaye aka taɓa giyar da ba ta kwanta ba, ko tari ba ka yi ba. Farfesa, rage masa maki ɗaya."

Aka yi dariya, aka wuce wurin. Nessa ta rage makin a littafin da take riƙe masa, ta danna alƙalamin har ya huda takarda.

An haifi Fintan shekara saba'in da takwas da suka wuce a wani ɗan gida mai ɗaki biyu a unguwar Stoneybatter, shi ne na biyar cikin yara bakwai. Yana da sha huɗu ya bar makaranta, yana da sha bakwai ya hau bayan motar da ke raba gangunan giya, bai sauka ba sai bayan shekara arba'in da uku. Sauran mutane ta ƙofa suka san mashayun birnin. Shi ta rami ya san su, ta murfin ƙarfen nan da ke bakin titi, inda ake zura ganga da igiya zuwa ɗakin ajiya na ƙarƙashin ƙasa. Ya san wanda yake wanke bututunsa duk mako da wanda sai an ce masu duba tsafta na tafe. Ya san inda ɗakin ajiya ke da sanyi daidai, da inda aka kafa tukunyar ɗumama gida dab da ganguna. Aikin ya bar masa shaida: kafaɗarsa ta dama ta fi ta hagu sauka, yatsunsa biyu kuma sun lanƙwashe tun ranar da wata ganga ta kuɓuce a kan ƙanƙara.

Ba mashayi ba ne, kowa zai faɗa. Matarsa mai suna Ita, Allah ya jiƙanta, tela ce a wata masana'antar riguna, kuma ba ta taɓa fita neman sa ba. Ɗansu ɗaya ya tafi Ostareliya aikin gini ya zauna can. Nessa 'yar wannan ɗan ce. Ta dawo wajen kakanta don ta yi jami'a, ta yi shekara huɗu tana karatun duwatsu da ƙasa, ta gama a bazarar da ta wuce, ta aika takardun neman aiki sun fi talatin. Tana jiran amsa ne ya ɗauke ta aikin riƙe littafi, ba albashi sai lemo da gasasshen burodi da cuku. Tun ranar bikin yaye su ya daina kiran sunanta, Farfesa kawai.

Littafin shi ne abin alfaharinsa. Tun da ya yi ritaya, duk ranar Asabar su uku suke fita da tsakar rana su zaga mashaya uku, su dawo gida kafin biyar. Da farko shi ne da Christy da Noel Tuohy. Da Noel ya rasu, wata guda bai cika ba matarsa Breda, wadda ta yi shekara arba'in tana sayar da kifi a titin Moore, ta zo ta zauna a kujerarsa ta ce a zubo mata irin wadda yake sha. Ba wanda ya isa ya ce mata uffan.

Maki goma ne. Uku na giyar kanta, yadda aka zuba ta da ko kumfarta tana barin zobe a jikin tambulan bayan kowane kurɓi. Uku na hira: in mutum sai ya ɗaga murya kafin na kusa da shi ya ji, an yi asarar su duka, in kuwa akwai talabijin a kunne ba ranar wasa ba, Fintan ko zama ba ya son yi. Biyu na mai kanta ne, wanda ya san lokacin magana da lokacin ja da baya. Sauran biyun suna yawo, wani lokaci murhun wuta ne, wani lokaci ɗan lungun katako mai ƙofa da ake keɓewa a ciki, wani lokaci tsaftar bayi. Littattafai goma sha ɗaya ya cika, ba gidan da ya taɓa samun goma. Ba a buga makin a jarida, ba a sa shi a waya. Duk da haka in suka shigo, za ka ga mai kanta ya ɗaga tambulan ya haska shi a fitila kafin ya zuba.

Mashaya uku kuwa ba don gajiya ba ne. Su uku ne, kowa da zagayensa. A ta farko Christy ya saya wa kowa, a ta biyu Breda, a ta uku Fintan. Haka aka gada. Mutum zai iya zama maƙaryaci a unguwarsu a yafe masa, zai iya zama ɓarawon keke a manta, amma wanda ya sha na mutane ya sulale bai mayar ba, har jikokinsa sai sun ji labari.

Bayan abin da ya faru a Garrigan, Nessa ta fara lura. Ta buɗe littafin watannin baya ta ga rubutunsa yana gangarowa gefe guda. Ta ga wata mashaya da ya ba maki sau biyu a shafi ɗaya, shida da takwas. Wata safiya ta tarar da butar shayi a cikin firji. Ta kira babanta a waya, ya ce tsufa ne, kada ta tayar da hankalinta. Ta bincika a wayarta, kowane shafi ya fi na baya muni, har ta daina iya cin abinci sosai. Ranar Laraba suna zaune a kicin yana ɓare dankali, ta yi ta maza.

"Kaka, ina so mu je a duba ka."

"A duba me? Ni mota ne?"

"Butar shayi fa na samu a firji."

"Sanyaya ta nake yi."

"Kaka!"

"Farfesa, duwatsu kika karanta. In kin ga kaina ya zama dutse, sai ki zo da gudumarki." Ya jefa dankali a ruwa. Da ya ga ba ta yi murmushi ba, ya sauke murya. "Da ƙafarta kakarki ta shiga asibiti, tana yi mini faɗa a kan safa. Kwana goma sha ɗaya suka miƙo mini ita a akwatin gawa. Ban manta komai a can ba da zan koma ɗaukowa."

Daga nan bai sake yarda an ta da maganar ba. Washegari Nessa ta tsallaka kogi ta hau bene zuwa ɗakin Breda a unguwar Liberties. Ta tarar da ita tana soya albasa. Ba ta kai rabin bayani ba kuka ya ƙwace mata.

"Share hancinki, 'yar nan, ki zauna," in ji Breda. "Kina tsammani ke kaɗai ke da ido? Makon jiya da sunan matarsa Ita ya kira ni. Ni! Matar da ta fi ni kyau sau goma. Shi ma wancan sakaran Christy ya gani, shi ya sa dariyarsa ta yi yawa."

"Na roƙe shi, ya ƙi."

"Ai ba a roƙon Mulhall. Na san shi tun yana da gashi. Ki zo ranar Asabar da alƙalaminki, ki kama bakinki, duk abin da kika gani kada ki sa baki."

Asabar ta zo da yayyafi. Mashaya ta farko wata tsohuwa ce a bakin kogi, benenta na katako yana ƙara, wuta na ci a murhu. Christy ya saya. Fintan ya ɗaga tambulan ya duba zoben kumfa, ya ce bakwai, da bayin bai yi kama da kurkuku ba da takwas ne. Ta biyu sabbin masu gida ne suka saye ta, suka bar tsohon suna a ƙofa, suka rataye tsofaffin kekuna da tukwane a rufi, suka sa kiɗa. Breda ta saya.

"Keken nan ko taya bai taɓa takawa a Dublin ba," in ji Fintan da ƙarfi, don mai kantar ya ji. "Daga kanti aka sayo tsufan gidan nan gaba ɗaya. Huɗu, Farfesa. Ɗaya daga ciki sadaka ce."

Yana cikin nishaɗi ranar, kansa garau, har yana ba su labarin wani mai mashaya da ya taɓa ɓoye doki a ɗakin ajiya. Nessa ta fara raya wa ranta ko ita ce ta cika tsoro. Ya ce ta uku su koma Garrigan, a ba Dinny damar ƙwato makinsa. Suka shiga, ya cire hula, ya dafa kantar kamar gidan ubansa.

"Uku, Dinny, da lemon Farfesa."

"Rage biyu," in ji Breda. "Ni da Christy ba ma sha."

Fintan ya juyo. "Ciki ne ya ɓaci?"

"Cikina lafiya lau. Giyarka ce ba za mu sha ba, Fintan. Ba yau ba, ba mako mai zuwa ba, sai ranar da ka kawo mana takardar likita da hatimi a jiki."

Ya dubi Christy. Christy yana nazarin igiyar takalminsa.

"Kai ma, ɗan wasiƙa?"

"Ni dai an ce kada in sha," in ji Christy a hankali. "Kuma ka san hannunta. Da shi take fasa kan kifi."

"Ku daina wasan banza. Na sha naku biyu, suna nan cikina!"

"To ka tafi da su gida," in ji Breda. "Ka kwana da su."

Jini ya hau fuskar Fintan har kunnuwa. Ya ciro kuɗi ya buga a kan kantar. "Zuba, Dinny. Na ce uku."

Dinny ya zuba, ya jira, ya ƙarasa, ya jera su. Nessa ba ta taɓa ganin zubi mai kyau irin wannan ba, kumfa ta yi tudu kamar an yanka ta da wuƙa. Ba wanda ya miƙa hannu. Hirar teburin kusa ta mutu, ta can ma ta mutu, har ana jin agogon bango. Christy ya haɗiyi yawu.

"Ya Yesu da Maryamu, dubi yadda ta kwanta," ya ce kamar zai yi kuka. "Breda, ko kurɓi ɗaya..."

"Taɓa ka gani."

Minti ashirin tambulan uku suna tsaye, kumfarsu tana lotsawa tana yin rawaya. Fintan bai taɓa nasa ba, don ba a shan zagaye mutum ɗaya. Daga ƙarshe ya ɗauki hularsa ya sa, ya gyara ta da kyau, ya fita. Nessa ta bi shi da gudu cikin yayyafi. Sai da suka kai kwanar titinsu ya yi magana, bai waiwayo ba.

"Ke ce?"

"Ni ce, Kaka."

Ya gyaɗa kai ya ci gaba da tafiya.

Kwana takwas ba ya ce mata komai sai "miƙo gishiri". Asabar ta zagayo bai fita ba, karo na farko tun rasuwar matarsa Ita. Ya wuni yana kwance ƙofar kabad da ba abin da ya same ta yana mayarwa. Nessa ta zauna a ɗakinta tana jin ƙarar sukurudireba, tana tunanin ta raba tsoho da abu ɗaya da ya rage masa, a banza. Ranar Lahadi bayan coci wani maƙwabci ya ɗaga masa hannu daga tsallaken titi ya ce, "Fintan, an ce kana yawo da biyu a ciki!" Da wasa ya faɗa. Fintan ya ja hularsa ya shige gida.

Litinin da safe ta sauko ta same shi ya yi aski, ya sa kwat ɗin da yake zuwa jana'iza da ita.

"Ɗauko rigar ruwanki, Farfesa. Kuma ki sani ba don kaina zan je ba, kaina ya fi naki. Shekara sittin ban taɓa kwana da giyar wani ban mayar ba, ba kuma mai kifi ce za ta sa a binne ni da wannan suna ba."

A ɗakin jira na likitan unguwa ya zauna ya ƙare wa wurin kallo. Talabijin a kunne, kujerun roba, ba mai yi wa wani magana. Ya sunkuyo ya ce mata, "Biyu. Rubuta." Ta yi dariya har mutane suka juyo, dariyar farko cikin mako uku.

Likitar matashiya ce, ba ta fi Nessa da yawa ba. Ta faɗa masa kalmomi uku ta ce ya riƙe. Ta tambaye shi aikin da ya yi, sai ya jero mata mashayu ashirin da shida na hanyarsa ta ranar Talata, daga Smithfield har Ringsend, bi da bi, da yawan gangunan kowacce. Ta ba shi takarda ya zana agogo. Ya zana da'ira mai kyau, amma lambobin duk suka taru a gefe guda kamar masu fakewa ruwa. Ta tambayi kalmomin ukun. Ya tuna ɗaya. Ya daɗe yana kallon agogon da ya zana.

"To," ya ce. "Wannan kam ko ni ba zan ba shi maki ba."

Da ta ji labarin kallon nan na numfashi biyar, ba ta yi jinkiri ba, ta tura su babban asibiti cikin makon. Aka ɗebi jini, aka kwantar da shi a na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa. Babban likitan bai ɓoye musu komai ba. Ya ce mai yiwuwa ƙananan jijiyoyin jini ne ke toshewa, wannan ana iya tare shi. Mai yiwuwa wani abu ne ke danne ƙwaƙwalwar, wanda ake iya cirewa. Mai yiwuwa kuma ciwon mantuwa ne, wanda ba a juya shi. Sai sakamako ya fito, cikin mako biyu, ta wasiƙa ko ta waya. Kafin nan ban da giya. Fintan ya saurara tsaf, sannan ya ce tambaya ɗaya gare shi: a ina ake buga hatimi?

Ranar Asabar ya shiga Garrigan ya shimfiɗa katin asibiti a kan kantar. Breda ta ciro tabarau, ta karanta gaba, ta juya baya, ta shafa hatimin da yatsa ko zai goge.

"Na gaske ne," ta ce.

"Biyu, Dinny, da lemon Farfesa, ni kuma shayi."

"Shayi?" in ji Christy. "A nan? Duniya ta tashi."

"Sha aka hana ni, ɗan wasiƙa, ba saya ba. Ɗaga ka sha kafin in fasa."

Christy ya sha rabi a ɗaga ɗaya. Breda ta kurɓa a hankali, ta ajiye, ta ɗora hannunta mai kaushi a kan lanƙwasassun yatsunsa, ta bar shi a nan. Bai janye ba. Ya ce shayin Dinny ruwan wanki ne, kuma daga yau za a buɗe sabon shafi na shayi.

Shi dai ya riga ya tsara Asabar huɗu masu zuwa, duk a tsallaken kogi, ya ce akwai gidaje a can da suka daɗe ba a tsorata su ba. Yana cin abincinsa, yana barcinsa. In Nessa ta yi shiru da yawa sai ya ce mata, ko me takardar ta zo da shi, ya taɓa ɗaukar abin da ya fi haka nauyi ya sauka da shi rami a kan ƙanƙara. Tana so ta yarda. Wani lokaci ma tana yarda. Amma ba ta fita daga gida kafin mai wasiƙa ya wuce, kuma ko wanka za ta shiga da wayar take shiga.

Yau Litinin, kwana goma sha ɗaya ke nan da ɗaukar hoton. Mai wasiƙa ya wuce ƙarfe goma, bai tsaya a ƙofarsu ba. Ba a kira daga asibiti ba. Sakamakon bai zo ba tukuna.